Rabin Gwiwar Malam Dallatu

"Kaka, in ka mutu za a cire ƙarfen a sayar wa 'yan gwangwan, ko da shi za a binne ka?"

Hure ce ta yi tambayar, yarinya 'yar shekara biyar, tana tsaye a bakin zaure riƙe da ƙwaryar fura da hannu biyu. Zauren cike yake da 'yan dubiya. Malam Dallatu, kakanta na wajen uba, yana kishingiɗe a katifa, ƙafar dama a miƙe bisa matashi kamar baƙuwar da aka yi wa shimfiɗa ta musamman.

"Ja'irar amarya," in ji shi, "tun ban mutu ba kin fara rabon gado?"

Aka yi dariya. Furera, uwar yarinyar, tana bayan ƙyauren da ke shiga cikin gida da goyo a baya, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma a ranta ta yarda cewa tun da aka dawo da surukinta daga asibiti, wannan ce tambaya ta farko mai kan gado da aka yi a zauren nan. Yarinya ba ta da laifi. A shekarun nan da kuɗin man fetur ya tashi, taki ya gagari talaka, masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe duk wata matacciyar garma da fasasshiyar tukunya da ke ƙauyen, a gaban idonta.

Malam Dallatu ya daɗe yana fama da gwiwar. Gefenta na ciki ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi. Ya bar zuwa gona, ya koma salla a zaune, abin da ya fi komai ci masa rai. Ana haka wasu likitoci suka zo wani asibiti a cikin Kano suna aiki kyauta, Iliyasu ɗansa, mijin Furera, ya yi ta zarya har aka karɓi tsohon. Ba duk gwiwar aka canza ba. Gefen da ya lalace kaɗai aka kankare aka sa ƙarfe da roba, aka bar masa mai lafiyar.

Ranar sallama, malamar gashin ƙashi ta dubi Iliyasu, ta dubi Furera da ta zo da abinci, ta gane wanda aikin zai faɗa wa. Ta juya ga Furera.

"Ki saurare ni da kyau. Wannan ba karaya ba ce. Kada a bar shi ya kwanta. Kullum ya tashi ya taka, kullum ya jawo dunduniya ya lanƙwasa ta, ko da yana hawaye. In aka bar ta ta sandare a makonnin farkon nan, to ta zama taɓarya, ya yi ta ja har ƙarshen rayuwarsa."

Furera ta haddace maganar kamar karatun allo.

Kwanakin farko Iliyasu ne ke ɗaga uban, ya sa shi ya dafa ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da aka ba su, su zaga tsakar gida. Gwiwa ta fara lanƙwasuwa. Aka cire zaren ɗinki. Sai dai rumbu ba ya jiran mara lafiya ya warke. Iliyasu ya ɗauki fartanya ya tafi Watari ƙwadagon noman rani a gonar wani mai albasa. Tun rasuwar Inna Adama, uwar Iliyasu, babu wata babbar mace a gidan, don haka ya bar wa Furera uba da gwiwa da umarnin likita.

Abin da malamar asibiti ba ta sa a lissafinta ba shi ne surukuta. Tun da aka kawo Furera gidan ba ta taɓa kallon ƙwayar idon Malam Dallatu ba. Daga nesa take durƙusawa ta gaishe shi, kanta a ƙasa, in ya yi magana ta ce "to". Yanzu ita ce za ta tsaya a kansa ta ce tashi? Da wane bakin?

Sai ta mayar da Hure 'yar aike, tunda jika ba ta da shamaki da kakanta.

"Je ki ce wa Kaka, in ya ga da hali, ko zai ɗan motsa ƙafar."

Hure ta ruga. "Kaka, wai ka tashi."

"In ji wa?"

"In ji Umma."

"Ce mata na ji."

Ji kam yana ji, ai ba a kunne aka yi masa aiki ba. Tashin ne babu.

Kuma don me zai tashi? Bai taɓa samun jama'a irin ta wannan kwanciya ba, ko ranar aurensa. Dubiya lada ce, kowa ya sani, kuma a shekarar da gidaje da yawa ba a ɗora tukunyar rana, mutanen ƙauyen sun tashi haiƙan wajen neman wannan lada. Babban mai nemanta shi ne Ɗan Iya, aminin Malam Dallatu tun suna yara. Allah ya hore masa sanin lokaci: ba ya sallama sai daidai sa'ad da ludayi ya fara kaɗawa a cikin ƙwarya. Bayansa sai sauran dattawa, kowa ya jingina sanda, ya tattara riga, ya zama likita.

"Ni fa abin da ban gane ba," in ji Ɗan Iya yana lasar gashin baki, "wai rabi aka sa maka. Ka ga illar kayan kyauta ke nan. Da biya ka yi, da cikakkiya za su ba ka."

"Sun ce ɗaya gefen lafiyarsa ƙalau."

"Haka za su ce mana. Sauran rabin wani suka liƙa wa."

Wani ya ce a kiyayi tsawa in damina ta faɗi, ƙarfe na jawo ta. Wani ya ce ɗan ƙanwarsa an sa masa irinsa a cinya, har yau in ya wuce kusa da rediyo sai ta yi shuu. Ƙarfen dogarawa kuwa ya samu aikin da ya dace da shi a kusurwar zaure: an rataye masa rawani da carbi, buta na ƙarƙashinsa, wata rana ma kaza ta hau ta yi barcin rana.

Da aka daina motsa gwiwar ta ƙara kumbura. Malamar ta faɗa cewa kumburi zai daɗe, a riƙa ɗaga ƙafar ana sa tsumma mai sanyi. Furera ta aika Hure da wannan saƙo, aka ce an ji. Washegari sai ga Ɗan Iya da Nababa mai ɗori.

Kada a zalunci Nababa. A karaya babu kamarsa daga nan har Ɗanbatta. Shi ya ɗora hannun Iliyasu lokacin da ya faɗo daga kan mangwaro yana yaro, yau ga hannun can yana noma. Amma a wurin Nababa duk abin da ya taɓa ƙashi magani ɗaya ne da shi. Ya lallatsa gwiwar, ya girgiza kai.

"Ikon Allah. Sun yanka mutum, sun taɓa ƙashi, sun sake shi haka ko tsinke ba su ɗaura ba. Har sun ce ya taka?"

"Kullum," in ji Malam Dallatu cikin muryar wanda aka daɗe ana cuta.

"Shi ya sa ta yi fushi."

Ya shafa man shanu, ya jera karan dawa daga cinya har ƙwauri, ya naɗe da tsumma ya ɗaure tamau. Ya ce kada a kuskura a motsa sai sabon wata ya tsaya. Malam Dallatu ya yi ajiyar zuciya. Duk yawon asibitin da ya yi, sai yau ya gamu da likitan da ya rubuta masa maganin da yake so.

Furera ta hau kan turmi a bayan ɗaki, inda waya ke kamawa, ta kira mijinta.

"Baban Hure, sun ɗaure ƙafar."

"Su wa?"

"Nababa. Da kara. Kamar damin da za a kai kasuwa."

Tana jin ƙarar injin ban ruwa a bayansa. "To ki lallaɓa ki gaya masa."

"Ni? In ce masa me?"

"Ki bi a hankali dai, kin san Baba. In na baro nan yanzu wani za a sa a gurbina. Da an cire albasa zan zo."

Albasa ba ta san da maganar makonnin farko ba. Furera ta sauko, ta ɗauki taɓarya ta hau dakan gero, tana daka tana magana da turmi, don shi kaɗai ne a gidan ba surukinta ba.

"Nababa ya san ƙafar akuya da hannun yara, me ya sani a gwiwar ƙarfe? Dattawa da gemunsu sun taru sun ɗaure mutum, sun zauna suna shanye masa fura."

Ta manta cewa ita da kanta ta horar da Hure a kan cewa duk abin da Umma ta faɗa game da ƙafar Kaka, saƙo ne. Yarinya ta ajiye 'yar tsanarta ta nufi zaure, ta isar da shi ba ragi ba ƙari, har da gemun, Nababa na zaune da ludayi a hannu.

Kafin la'asar labari ya gama ƙauyen, ya ƙetara rafi. Goggo Fanta, ƙanwar Malam Dallatu, ta yafo mayafi ta zo takanas.

"Ke yanzu don kin je birni kin ga masu farar riga, shi ke nan kin fi dattawan gari sani? A zamaninmu suruka ko tarin surukinta ta ji sai ta canza hanya. Ke kuwa har aike kike yi masa da zagi. Mara kunya."

Furera ta ce, "Allah ya ba da haƙuri, Goggo." Ta ɗebo mata ruwa. Goggo ta ce a haɗo da ɗan abin taɓawa, tunda ta zo dubiya.

Sunan ya bi ta. A rijiya mata suka riƙa yin shiru in ta iso. Ta haɗiye, ta ci gaba da dama fura, kwanaki na wucewa, wata kuwa ko rabi bai yi ba.

Abu biyu ta gani a rana ɗaya suka ƙarasa ta. Da azahar ta leƙa ta tsagar ƙyaure ta ga Malam Dallatu yana salla a zaune, ƙafa a miƙe cikin kara, yana sunkuyar da kai yana nuni da sujada, daidai yadda yake yi kafin a kai shi Kano. Da ta juyo kuma ta tarar da Hure a gindin murhu ta kifa fuska cikin ƙwaryar da aka fito da ita daga zaure, tana lasar abin da masu neman lada suka rage. Furera ta tsaya ta yi tunani irin nata, na mai auna hatsi. In ƙafar nan ta sandare, tsohon ya zauna ke nan. Wahalar da aka sha ta tashi a banza, gona ta rasa mai tsaya mata, zaure kuma ba zai taɓa watsewa ba. Kunyar da take tattali kuwa an riga an ƙwace mata ita a bainar jama'a. Me ya rage da za ta yi asara?

Washegari da hantsi, zaure ya cika, ana jiran Hure da ƙwarya. Sai aka ji sallamar babbar mace. Furera ta shigo da goyonta, ba fura a hannunta sai wuƙar yankan kuɓewa. Ta durƙusa a gefen katifa, kusa fiye da yadda ta taɓa yi, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiya, 'yar nan?" in ji Ɗan Iya, idonsa a kan wuƙar.

"Lafiya lau, Baba Ɗan Iya. Wurin Baba na zo." Ta ci gaba, idonta a kan tabarma. "Baba, an ce ba ni da kunya, gari duk ya ji. To tunda babu, bari in faɗi abin da mai kunya ba za ta iya faɗa ba. Ƙafarku ba karyewa ta yi ba. Malamar asibiti ta ce in aka bar ta a miƙe za ta sandare, ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba har abada. Kun yarda an yanka ku ne don goshinku ya koma ƙasa. Jiya na ga sallarku."

Malam Dallatu ya dubi rufin zaure.

"Nababa ya ce sai wata ya tsaya."

"A kwance a gwada, Baba. In ta lanƙwasu kamar ranar da Baban Hure ya tafi, ni da hannuna zan nemo sabon kara, in je har gida in ba Baba Nababa haƙuri."

"Dallatu," in ji Ɗan Iya, "yau kuma suruka ce za ta..."

"Bari a gwada ɗin," in ji Malam Dallatu. "Don a rufe bakin yara."

Ta miƙa wa Ɗan Iya wuƙar ta ƙota, don duk rashin kunyarta bai kai ta taɓa ƙafar suruki ba. Ya karɓa yana gunaguni ya tsinke tsumman. Kara ya zube. Ƙafar ta fito a kode, tana ƙyallin man shanu.

Malam Dallatu ya yi murmushi, ya ja dunduniya. Ba ta zo ba. Ya dafa katifa da hannu biyu ya sake ja, jijiyar wuyansa ta tashi. Gwiwar ta ɗan ɗaga kamar za a zura tafin hannu a ƙarƙashinta, ta tsaya cak. Kafin Iliyasu ya tafi, da ita yake zama a bakin gado ƙafa a ƙasa.

Murmushin ya tafi. Likitocin zaure kowa ya samu abin kallo a jikin bango.

"Ta mutu ke nan?" Ya yi tambayar a hankali, kuma ba Ɗan Iya ya tambaya ba.

"Ba ta mutu ba, Baba, in sha Allahu. Amma za ta yi ciwo."

Furera ta kwance majanyin da ta ɗaure goyo da shi, ta riƙe yaron da hannu ɗaya, ta ajiye majanyin a gefensa. Ta ce ya zarga shi a tafin ƙafa, ya kama bakin biyu ya riƙa jawowa a hankali, ya tsaya inda ya ji zafi, ya ƙara kaɗan. Ya yi. Gumi ya keto masa, ya ambaci sunayen Allah da dama, ya ambaci na Nababa sau ɗaya. Da ya huta ya nuna kusurwa da haɓa.

"A sauke wa abin can kaya a miƙo min."

"To furar fa?" in ji wani daga baya, cikin muryar da ba ta so a gane mai ita.

"Tana nan," in ji Furera. "Na sa Hure ta kai gindin darbejiyar ƙofar gida. Daga yau inda Baba ya taka ya isa, nan za a sha."

Ba a taɓa ganin masu jinya irin na wannan rana ba. Ɗan Iya ya kama hammata ɗaya, wani ya kama ɗaya, wani yana gaba yana kawar da tsakuwa. "Taka mana, Dallatu, kai ba yaro ba. Ɗaga ta. Saura kaɗan, kada furar ta tsinke a rana."

Daga darbejiya ƙwarya ta koma ƙofar masallaci. Daga masallaci ta koma bakin rijiya. Kullum tana ƙara nisa, masu neman lada suna raguwa, don an gano ladan da ake tafiya kafin a same shi bai kai na zaune daɗi ba. Abin da suka bari ya koma cikin Hure, kumatunta suka dawo. Ɗan Iya kaɗai ya jure, kuma don a yi masa adalci, ko ranar da gero ya yanke aka kai ruwa zalla sai da ya zo. Da Iliyasu ya dawo ya mayar da uban asibiti a duba, malamar ta ji labarin kara, ta wanke Iliyasu tas, shi da bai ɗaura ba bai kwance ba.

Ruwan farko ya samu ƙwaryar a bakin gona, Malam Dallatu na tsaye da sanda yana faɗa da masu shuka. Gwiwar ba ta dawo duka ba, kwanakin kara sun ci rabonsu. Goshinsa na kaiwa ƙasa, amma a zaman tahiya sai ya ɗan zame ƙafar gefe, kuma haka zai ƙare. Tsawa ta yi ta yi duk damina ba ta neme shi ba.

A majalisa kuwa an gama yanke hukunci: ɗorin Nababa ne ya kama, da ma an bar shi ya cika wata da tsohon har ƙwallo zai buga. Furera tana nan da sunanta na mara kunya, Goggo Fanta na sabunta mata shi duk sallar idi. Malam Dallatu bai taɓa tayar da maganar ba, ita ma ta koma gaisuwa daga nesa. Sai dai ranar kasuwar Ɗanbatta ya aiko Hure da sabon majanyi, ya ce ta ce wa uwarta wancan ya tsufa.

Kai mai karatu, in aka sa wa naka ƙarfe a gwiwa, kada tausayi ko kunya su sa ka bar shi a kwance, kuma kada ka bari kowa ya matso kusa da shi da kara, ko da shi ya ɗora ka kana yaro. Za a zage ka, kuma in ya warke wani za a gode wa. Ka tashe shi duk da haka. In ka tsaya jiran wata ya tsaya, kai za ka yi ta ɗaukarsa har ranar da za a amsa wa Hure tambayarta.